Sharuɗɗan Shiga Ƙasar Birazil: Daga Launin Fata Zuwa Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda



Kalmar biza baƙuwa ce a bakin Bahaushe, amma abin da take nufi tsoho ne a wurinsa. Wanda ya taɓa zuwa fada ya san ba a faɗa wa sarki haka kawai. Sai mutum ya tsaya a zaure, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ke tafe da shi, a shiga a yi masa iso. To, biza ita ce iso na zamani, watau hatimi ko takardar da wakilin wata ƙasa ke ba baƙo tun yana gida, domin ya nuna a bakin iyaka cewa an san da zuwansa. Wannan lacca za ta duba yadda ƙasar Birazil take yi wa baƙi wannan iso, da kuma inda ta samo ƙa'idojin da take bi.

Birazil ita ce ƙasa mafi girma a Amurka ta Kudu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 8 da rabi, kuma ƙidayar da aka yi a 2022 ta sami mutane miliyan 203. Ta yi iyaka da kowace ƙasa ta wannan yanki in ban da Chile da Ekwado. Amma dalilin da ya sa ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, a cikin manyan ƙasashen duniya da wuya a sami wadda ta riƙe ƙa'idar "yadda ka yi wa nawa, haka zan yi wa naka" da ƙarfi kamar ita, har ta yarda ta yi asarar kuɗi saboda ita. Kuma ba da wannan ƙa'ida ta fara ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Ƙaura mai lamba 13,445, wadda aka sa wa hannu ran 24 ga Mayu 2017. Ta kasa biza gida 5: ta ziyara, ta zama na ɗan lokaci, ta jami'an jakadanci, ta ma'aikatan gwamnati, da ta karramawa. Biyun farko su ne suka shafi yawancin jama'a.

Bizar ziyara ta ƙunshi mai yawon buɗe ido, da ɗan kasuwar da ya zo ganin kaya ko ƙulla ciniki, da ɗan wasa ko mawaƙin da ya zo taro, da mai wucewa zuwa wata ƙasa. Tana ba mutum damar zama har kwana 90, kuma 'yan sandan tarayya, waɗanda su ne ke riƙe da aikin shige da fice a can, suna iya ƙara wa mutanen wasu ƙasashe har ya kai kwana 180 a shekara. Mai wannan biza ba shi da izinin kama aikin albashi a cikin ƙasa. Wanda ya zarce wa'adinsa ana cin sa tarar real 100 a kowace rana (real shi ne sunan kuɗin ƙasar), har zuwa real 10,000. Abubuwan da ofishin jakadanci ke nema kuwa su ne waɗanda aka saba: fasfo mai rai, da hoto, da takardar neman biza wadda ake cikewa ta intanet, da tikitin komawa, da shaidar cewa mutum yana da guzurin da zai ishe shi.

Bizar zama na ɗan lokaci ita ce ta ɗalibi, da mai bincike, da ma'aikaci, da marar lafiyar da ya zo magani, da wanda ya zo zama da iyalinsa. Ɗaliban da ke wannan zaure ya kamata su san cewa tun 1965 Birazil take da wani shiri mai suna PEC-G, wanda jami'o'inta ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya da Ghana da Kamaru, ba tare da kuɗin makaranta ba, muddin ɗalibi ya ci jarrabawar harshen Fotugis da ake kira Celpe-Bras. Wanda ya shiga da irin wannan biza wajibi ne ya kai kansa wurin 'yan sandan tarayya cikin kwana 90 domin a yi masa rajista a ba shi katin zama.

Akwai wani sashe na wannan doka da matafiya kan yi wa riƙon sakainar kashi, watau sashe na 6. Ya bayyana cewa abin da biza ke ba mai ita shi ne sa ran shiga ƙasa, ba tabbacin shiga ba. Jami'in da ke filin jirgin sama yana da ikon mayar da mutum ko da hatimin yana cikin fasfonsa. Iso ke nan daidai: an yi wa mutum, amma ganin sarki sai sarki ya so.

Sai dai ba kowa ke bukatar wannan iso ba. Mutanen Ajantina da Faraguwai da Yurugwai, waɗanda suka kafa ƙungiyar Mercosur tare da Birazil a 1991, da na yawancin maƙwabta, ko fasfo ba sa bukata, katin shaidar ɗan ƙasa ya wadatar. Wannan ya yi kama da abin da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta taɓa tanadar wa mutumin Katsina da zai je Maraɗi. Mutanen Tarayyar Turai da na Ingila suna shiga da fasfo kawai. A Afirka, akwai Afirka ta Kudu da Maroko da Tunisiya cikin 'yan ƙasashen da aka ɗauke wa biza. Ɗan Nijeriya da ɗan Nijar masu fasfo na gama-gari sai sun nema. Haka kuma, abin da kan ba mutane mamaki, ɗan Amurka ma sai ya nema. Domin a gane yadda attajirin Amurka da talakan Nijeriya suka haɗu a layi ɗaya, dole a koma baya.

ƘOFAR DA AKE AUNAWA DA LAUNI

Babu ƙasar da aka sauke wa bayin Afirka kamar Birazil. Fiye da mutum miliyan 4 aka kai can cikin ƙarni uku da ɗoriya, ba wanda ya nemi iso, ba wanda aka tambaya. Cikinsu akwai Hausawa masu yawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, waɗanda aka sayar zuwa bakin teku aka tsallaka da su lardin Bahia. Su ne suka shirya bore a 1807, suka sake a 1809 da 1814. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi bayi da 'yantattu wajen 600, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tashi a birnin Salvador. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai. Bayan haka hukumar Bahia ta yi dokar da ta ba ta damar korar duk 'yantaccen ɗan Afirka da ta zarga, ta kuma ɗora wa sauran haraji na musamman. Daga cikin waɗanda aka kora da waɗanda suka gaji suka tafi da kansu aka sami Aguda na Legas da Tabom na Akra.

Amma abin da ya fi dacewa da batun yau ya riga wannan bore da shekara 3 da 'yan watanni. Ran 7 ga Nuwamba 1831, saboda matsin lambar Ingila, Birazil ta yi dokar hana shigo da bayi. Ba a bi ta ba. Har yau mutanen ƙasar in suna so su ce abu na ganin ido ne, sai su ce an yi shi ne don Baturen Ingila ya gani. Dubban ɗaruruwan bayi aka ci gaba da saukewa har 1850. To, a cikin wannan doka ɗin dai akwai sashe na 7, wanda ya hana duk 'yantaccen bawan da ba ɗan Birazil ba sauka a tashoshin jiragen ruwan ƙasar, ko da wane dalili ya zo. A lura da kyau. Ɗan Afirka da ke cikin mari yana shiga ko da doka ta hana, wanda kuwa ya zo da ƙafarsa yana mai 'yanci, shi doka ta tsaya wa a ƙofa.

An soke bauta ran 13 ga Mayu 1888, aka kawar da sarauta a 1889. Sabuwar jamhuriya ba ta yi wata 8 ba sai ta fito da umurni mai lamba 528, ran 28 ga Yuni 1890. Umurnin ya buɗe ƙofa ga duk mai lafiya da ƙarfin aiki wanda ba a nemansa da laifi a ƙasarsu, in ban da 'yan asalin Asiya da Afirka, waɗanda sai Majalisar Ƙasa ta yarda. A daidai wannan lokaci jihar Sao Paulo tana biya wa Italiyawa kuɗin jirgi su zo noman kofi, alhali ga 'yantattun bayi nan zube ba gona ba aiki. Manyan ƙasar ba su ɓoye manufarsu ba: so suke jama'ar Birazil ta yi ta yin fari tsara bayan tsara.

Bukatar leburori ta sa aka sassauta wa Asiya a 1892, kuma ran 18 ga Yuni 1908 jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya iso Santos da Japanawa 781. Afirka kuwa ba a sassauta mata ba, har ma da jikokinta da ke wasu ƙasashe. A 1921, da aka ji wasu baƙaƙen fata na Amurka suna shirin zuwa su zauna a Mato Grosso, ma'aikatar harkokin waje, wadda ake kira Itamaraty, ta umurci ofisoshinta da ke Amurka su hana su biza. Daga nan aka gane amfanin biza ga mai mulki: abin da ake jin kunyar rubutawa a doka ana iya aika shi a wasiƙa zuwa ga jami'i, shi kuwa ya ƙi buga hatimi ba tare da ya faɗi dalili ba.

Zamanin Getulio Vargas ya kai wannan dabara matuƙa. Tsarin mulkin 1934 ya ƙayyade cewa baƙin kowace ƙasa da za a karɓa a shekara kada su wuce kashi 2 cikin 100 na 'yan ƙasar da suka zauna a Birazil cikin shekara 50 da suka gabata. A takarda lissafi ne da bai ambaci kowa ba. A aikace kuwa Italiya da Fotugal da Sifen, waɗanda mutanensu suka riga suka cika ƙasar, sun sami rabo mai tsoka, Japan ta sami ɗan kaɗan, wanda bai taɓa samun shiga ba kuwa kashi 2 na babu ya tashi da shi. A watan Yuni 1937 aka aika wa ofisoshin jakadanci wata takardar sirri mai lamba 1,127 ta hana Yahudawa biza, a daidai lokacin da suke neman hanyar fita daga Jamus. Akwai waɗanda suka saɓa. Aracy de Carvalho, ma'aikaciya a ƙaramin ofishin jakadanci na Hamburg, ta taimaki Yahudawa suka sami takardu. Jakada Luiz Martins de Souza Dantas, da ke Faransa, ya sa hannu a kan ɗaruruwan biza a 1940, abin da ya jawo gwamnatinsa ta kafa masa binciken ladabtarwa. Har a 1945, bayan duniya ta ga inda aƙidar fifikon jinsi ta kai Turai, wata sabuwar doka ta sake cewa a wajen karɓar baƙi a kula da kiyaye siffofin asalin Turai na jama'ar ƙasa.

Dokar baƙi ta 1980, wadda gwamnatin soja ta yi, ta bar maganar launi ta koma maganar tsaron ƙasa: baƙo abin zargi ne har sai ya wanke kansa. Ita ce ta zauna shekara 37 kafin ta 2017 ta maye gurbinta, wadda ta rubuta ƙarara cewa ƙaura ba laifi ba ce, kuma ta yi tir da ƙyamar baƙi da wariyar launi.

BA NI GISHIRI IN BA KA MANDA

Ma'aunin da ya rage a hannun Itamaraty shi ne na ramawa daidai. Ƙasar da ta ɗauke wa 'yan Birazil biza, a ɗauke wa nata. Wadda ta ɗora, a ɗora mata, kuma an daɗe ana karɓar kuɗin biza daga ɗan Amurka daidai da abin da Amurka ke karɓa daga ɗan Birazil.

Wannan ƙa'ida ta fito fili a Janairu 2004. Amurka, bayan harin 11 ga Satumba 2001, ta fara ɗaukar hoto da zanen yatsun baƙi a filayen jiragenta, amma da farko ta ƙyale mutanen ƙasashen da ta ɗauke wa biza, akasarinsu na Turai. Wani alƙalin tarayya a Mato Grosso, Julier Sebastiao da Silva, ya yanke hukunci cewa a yi wa Amurkawa haka nan a Birazil. 'Yan sanda ba su da kayan aikin, sai suka shiga dangwala yatsun mutane a tawada ɗaya bayan ɗaya, layi ya yi ta ɗaukar sa'o'i. Hukumomin birnin Rio de Janeiro, da ke jiran baƙin bikin shekara, suka yi ta kuka. A tsakiyar watan wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke ya ɗaga yatsan tsakiya sa'ad da ake ɗaukar hotonsa a Sao Paulo, wanda a wurinsu daidai yake da daƙuwa. Aka tsare shi, ya biya tarar da ta haura dala 12,000 kafin a sake shi. Jama'ar ƙasa da dama sun ji daɗin wannan hukunci fiye da yadda girman laifin ya kai.

Masu otal da kamfanonin yawon buɗe ido ba su taɓa son wannan ƙa'ida ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Daga 2014 zuwa 2019 baƙin da ke zuwa Birazil a shekara ba su wuce miliyan 6 da 'yan kai ba, abin da ya yi kaɗan ƙwarai ga ƙasar da ke da dajin Amazon da gaɓar teku mai dubban kilomita. Suna cewa Ba'amurken da aka wahalar ba zai rubuta wa gwamnatinsa ƙara ba, wata ƙasa kawai zai kai kuɗinsa, mai sayar da abinci a bakin teku shi ya yi asara. Saboda haka aka yi ta gwaji. Lokacin wasannin Olamfik na Rio aka ɗage biza ga Amurka da Kanada da Japan da Ostireliya daga 1 ga Yuni zuwa 18 ga Satumba 2016. Daga ƙarshen 2017 aka ba su damar nema ta intanet. A watan Maris 2019, yana shirin ganawa da Shugaba Trump a Washington, Shugaba Jair Bolsonaro ya ɗauke wa ƙasashen 4 biza ɗungurungum, ba tare da an ba shi komai ba. Umurnin ya fara aiki ran 17 ga Yuni 2019.

Ko wannan kyauta ta jawo baƙi? Kowane ɓangare yana da lissafinsa, amma gaskiyar magana ita ce gwajin bai sami lokaci ba, domin wata 9 bayan farawarsa annobar korona ta rufe filayen jiragen sama na duniya. Da Shugaba Lula da Silva ya dawo mulki a 2023, gwamnatinsa ta ce wanda ya ba da gishirinsa kyauta ba shi da abin da zai nemi manda da shi, ta kuma sanar da maido da biza. Nan ne ƙa'idar ta nuna amfaninta: Japan ta zauna aka daidaita, daga 30 ga Satumba 2023 mutanen ƙasashen biyu suka fara ziyartar juna har kwana 90 ba biza. Sauran ukun ba su motsa ba. An ɗaga ranar sau 3, Majalisar Dattawa ma ta amince a Maris 2025 da wani ƙuduri na hana abin, amma bai wuce Majalisar Wakilai ba kafin lokaci ya cika. Ran 10 ga Afrilu 2025 biza ta dawo kan Amurkawa da 'yan Kanada da na Ostireliya, ana nema ta intanet a kan dala 80 da 'yan canji, alhali ɗan Birazil mai neman ta Amurka tun 2023 dala 185 aka yanka masa, ga zuwa ofis a yi masa tambayoyi.

Lalle wannan ma'auni ya fi na 1890 mutunci nesa ba kusa ba, domin gwamnati yake aunawa da aikinta, ba mutum da fatarsa ba. Amma ya kamata a faɗi iyakarsa. Ciniki ne, kuma ciniki sai mai abin sayarwa. Japan tana da abin da 'yan Birazil ke so, ga jikokin mutanen Kasato Maru da na bayansu da ke kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu, don haka aka zauna da ita. Tsakanin Birazil da Nijeriya ma akwai daidaito, tun da kowace tana neman biza daga mutanen ɗayar. Sai dai daidaito ne na ƙofofi biyu a rufe, kuma nauyinsa ba ɗaya ba ne: Ba'amurke yana cike takarda a ɗakinsa a aiko masa da amsa, mutumin Sakkwato ko Maiduguri kuwa sai takardunsa sun isa ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas, an auna asusunsa na banki, an gamsu cewa zai dawo. Layin ɗaya ne a doka, amma ba tsawonsa ɗaya ba.

ƘOFAR JIN ƘAI DA ƘOFAR BAYA

Akwai wurin da Birazil ta ajiye ciniki gefe. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Haiti a 2010, 'yan ƙasar suka riƙa shigowa ta dajin Amazon a hannun masu fasa-ƙwaurin mutane. Maimakon ta tsananta tsaro kawai, a Janairu 2012 gwamnati ta ƙirƙiro bizar jin ƙai, wadda ake bayarwa tun a Haiti, domin mutum ya hau jirgi ya sauka ta ƙofar gaba. An yi wa 'yan Siriya haka a 2013, da 'yan Afganistan a 2021, da 'yan Yukren a 2022, kuma dokar 2017 ta shigar da wannan biza cikin jerin bizar zama na ɗan lokaci. Ƙasar da ta taɓa tuhumar jakadanta saboda ya ba masu gudun mutuwa biza, yanzu doka ce ta ba jami'anta wannan aiki.

Amma kowace ƙofa aka buɗe, akwai mai neman bi ta cikinta zuwa wani gida. Doka ba ta neman biza daga fasinjan da zai sauya jirgi kawai ba tare da ya fita daga filin jirgin sama ba. Masu safarar mutane suka gano haka. Sai su saya wa mutum tikitin wata ƙasa wanda zai ratsa ta Sao Paulo, in ya sauka a filin jirgin Guarulhos ya ƙi hawa jirgi na biyu, ya nemi mafaka. Da zarar an ba shi takardar shiga, sai ya kama hanyar arewa ta ƙasa, ya bi ta dajin Darien da ke tsakanin Kolombiya da Panama, ya nufi iyakar Amurka. Yawancinsu daga Indiya da Nepal da Biyetnam suke, da wasu daga ƙasashen Afirka. A tsakiyar 2024 ɗaruruwan mutane suna kwance a ƙasa a wani sashe na filin jirgin, wasu har makonni. Daga 26 ga Agusta 2024 ma'aikatar shari'a ta rufe wannan hanya: fasinja mai wucewa wanda ba shi da bizar shiga Birazil, kuma ƙasarsa tana cikin masu bukatarta, ko ya ci gaba zuwa inda tikitinsa ya nuna, ko a mayar da shi inda ya taso. Ƙungiyoyin kare 'yan gudun hijira sun yi suka, suna cewa a cikin taron akwai masu gudun mutuwa na gaske, kuma ba a iya tantance su in ba a saurare su ba. Gwamnati ta amsa da cewa yawancin waɗanda suka nemi mafaka a Guarulhos ba su ko tsaya jiran amsa ba.